Daga Takarda Zuwa Majigi: Fata da Fargabar Masu Karatu Kan Baddala Ƙagaggun Labaran Kimiyya Zuwa Fim

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da aka ƙirƙiro fim, masu shirya shi ba su daina leƙa rumbun adabi domin neman abin ɗauka ba. A shekarar 1902 ne Bafaranshen nan Georges Méliès ya fito da gajeren fim ɗinsa na tafiya duniyar wata, wanda ya tsamo tunaninsa daga littattafan Jules Verne da H. G. Wells. Ke nan dangantakar da ke tsakanin ƙagaggen labarin kimiyya da fim ta haura ƙarni guda. Duk da wannan daɗewa, da zarar an ba da sanarwar za a mayar da wani shahararren littafi fim, sai masu sha'awarsa su shiga hali irin na uwar da za a kai 'yarta ɗakin miji, ga murna ga fargaba.

Wannan maƙala za ta bayyana tushen wannan murna da wannan fargaba. Za a fara da fashin baƙin muhimman kalmomi, sannan a dubi abin da masu karatu suke fata da abin da suke tsoro, daga nan a ɗauki littafin Dune na Frank Herbert a matsayin zakaran gwajin dafi. An zaɓi wannan littafi ne saboda an yi yunƙurin baddala shi sau da dama, kuma saboda matsalarsa ta taɓo batun harshe kai tsaye.

2.0 Fashin Baƙin Kalmomi

2.1 Ƙagaggen Labarin Kimiyya

Ƙagaggen labarin kimiyya shi ne labarin da aka gina bisa wani sabon abu da babu shi a duniyar mai karatu, amma aka kawo shi da hujjar ilimi ba ta tsafi ko aljanu ba. Sabon abin yana iya zama na'ura, ko wata duniya, ko wani zamani mai zuwa, ko wani tsarin zaman jama'a. Masanin nan Darko Suvin, a littafinsa na 1979, ya nuna cewa wannan sabon abu shi ne ginshiƙin irin wannan adabi, domin shi ne ke sa mai karatu ya dubi tasa duniyar da sabon ido. Adabin Hausa ma bai rasa misali ba, domin manazarta sukan sanya Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo (1969) a wannan rukuni.

2.2 Baddalawa

Baddalawa ita ce ɗauko aikin adabi daga wata siga a zuba shi cikin wata, kamar yadda Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976. A wata maƙala tasa ta 1959, Roman Jakobson ya kasa fassara gida uku: ta cikin harshe ɗaya, da ta tsakanin harshe da harshe, da ta tsakanin kalma da wasu alamomin da ba kalmomi ba. Mayar da littafi fim ya faɗa cikin kashi na uku. Tun kafin nan George Bluestone ya riga ya nuna, a 1957, cewa littafi da fim kayan aikinsu daban ne. Littafi yana aiki da kalma, don haka yana iya kutsawa cikin zuciyar mutum, ya tsaya ya yi bayani, ya tsallake shekara ɗari cikin jimla ɗaya. Fim kuwa yana aiki da hoto da sauti, kuma lokacinsa ƙayyadadde ne. Tun da kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Abin da ake jayayya a kai shi ne iyakar sauyin.

3.0 Masu Sha'awa: Fatarsu da Fargabarsu

Masu sha'awar wannan adabi jama'a ce mai tsari, ba tarin masu karatu kawai ba. Mujallar Amazing Stories da Hugo Gernsback ya kafa a Amurka a 1926 takan buga wasiƙun masu karatu tare da adireshinsu, wannan ya sa suka san juna, suka kafa ƙungiyoyi. Sun fara babban taronsu na duniya a 1939, kuma su ne ke jefa ƙuri'ar lambar yabo ta Hugo da aka fara bayarwa a 1953. Jama'ar da ta saba yanke wa littattafai hukunci ba za ta yi shiru ba idan aka taɓa waɗannan littattafai.

3.1 Fata

Fata ta farko ita ce ta gani da ido, domin gani ya kori ji. Wanda ya daɗe yana suranta jirgin sama jannati ko wani baƙon birni a zuciyarsa yana ɗokin ya ga an tsayar masa da shi. Fata ta biyu ita ce littafin ya sami sababbin masu karatu. Ta uku kuwa ita ce neman martaba, domin an daɗe ana kallon wannan adabi a matsayin karatun yara. Fim ɗin 2001: A Space Odyssey (1968), wanda Stanley Kubrick da Arthur C. Clarke suka yi aikin fim da littafinsa a tare, ya tabbatar musu cewa irin wannan labari yana iya zama babban aikin fasaha.

3.2 Fargaba

Ana iya kasa fargabar gida uku. Ta farko ita ce tsoron yanke labari: a zubar da wasu taurari, ko a haɗe aukuwa biyu su zama ɗaya. Ta biyu ita ce tsoron juya jigo. Ta uku ita ce tsoron ɓatan salo da harshen marubuci. Tarihi ya ba su hujja a kan kowacce. Stanisław Lem na ƙasar Polan bai gamsu da fim ɗin da Andrei Tarkovsky ya yi daga littafinsa Solaris a 1972 ba, haka kuma bai gamsu da na Steven Soderbergh na 2002 ba, domin shi ya yi rubutu ne a kan gazawar ɗan Adam wajen fahimtar halittar da ba irinsa ba, su kuwa suka karkata ga nadama da soyayya. A 1997 Paul Verhoeven ya ɗauki Starship Troopers na Robert Heinlein (1959), littafin da ke ɗaukaka aikin soja, ya mayar da shi zambo ga mulkin soja, ya kuma faɗa da bakinsa cewa bai karanta littafin har ƙarshe ba.

Sai dai akwai misalin da ya rikita lissafin. Fim ɗin Blade Runner (1982) na Ridley Scott ya zubar da abubuwa da yawa daga littafin Philip K. Dick na 1968: ya zubar da addinin da marubucin ya ƙirƙiro, ya ɗauke labarin daga San Francisco zuwa Los Angeles, ya sauya har sunan littafin. Amma ya riƙe tambayar da ke zuciyar littafin, wato me ya bambanta mutum da abin da aka ƙera mai kama da mutum. Dick ya rasu a watan Maris na 1982 kafin fim ɗin ya fito, amma ya yaba da ɗan abin da aka nuna masa, kuma daga baya masu karatu suka rungumi fim ɗin. Wannan ya nuna cewa fargabar nan uku ba nauyinsu ɗaya ba. Ana yafe yanke labari, amma da wuya a yafe juya jigo.

4.0 Littafin Dune da Yunƙurin Baddala Shi

4.1 Littafin

An fara buga Dune kashi-kashi a mujallar Analog daga 1963 zuwa 1965. Bayan kamfanonin ɗab'i fiye da 20 sun ƙi karɓarsa, sai kamfanin Chilton, wanda aka fi sani da buga littattafan gyaran mota, ya fitar da shi a 1965. Shi ne ya fara cin lambar Nebula ta ƙagaggen labari, ya kuma yi tarayya da wani littafi na Roger Zelazny a lambar Hugo ta 1966.

Labarin ya faru ne a wata duniya mai suna Arrakis, wadda hamada ce zalla, kuma a nan kaɗai ake samun wani yaji da sufurin sararin samaniya ya dogara a kansa. Sarkin sarakuna ya danƙa mulkin wannan duniya ga gidan Atreides, sannan ya haɗa baki da abokan gabarsu, gidan Harkonnen, aka murƙushe su. Paul, magajin gidan, ya tsere tare da mahaifiyarsa Jessica zuwa wurin Fremen, mazauna hamada, waɗanda suka ɗauke shi a matsayin mai ceton da suke jira. Amma mai karatu ya san abin da Fremen ba su sani ba: wannan bushara wata ƙungiyar mata ce mai suna Bene Gesserit ta shuka ta da gangan tun da daɗewa. Paul kansa yana hango cewa nasararsa za ta haifar da yaƙin da zai ci rayuka ba adadi. Babban jigon littafin ke nan, wato gargaɗi game da miƙa wuya ga gwarzo.

Abubuwa uku ne suka sa aka daɗe ana cewa littafin ba ya fimuwa. Na farko, tsawonsa da yawan taurarinsa. Na biyu, yawancin rikicin yana gudana ne a zuci, domin marubucin yana tsallakawa daga tunanin wannan zuwa na wancan a zama ɗaya, ta yadda abin da baki ya faɗa daban, abin da zuciya ta ƙudura daban. Na uku, tarin baƙin kalmomin da har sai da aka yi musu ɗan ƙamus a ƙarshen littafin.

4.2 Yunƙurin Jodorowsky

A tsakiyar shekarun 1970 Alejandro Jodorowsky, haifaffen ƙasar Chile, ya tara masu zane irin su Jean Giraud da H. R. Giger da Chris Foss a birnin Faris, ya kuma nemi Salvador Dalí da Orson Welles su fito a fim ɗin. An zana hotuna kimanin 3,000, amma tsawon fim ɗin da ya tsara ya haura awa 10, don haka kamfanonin Amurka suka ƙi zuba kuɗi. Ba a ɗauki ko da fitowa ɗaya ba. Abin lura shi ne, Jodorowsky bai yi niyyar bin littafin sau da ƙafa ba, har ƙarshen labarin ya sauya. Duk da haka, bayan fim ɗin tarihi da Frank Pavich ya yi a kan wannan yunƙuri a 2013, da yawa daga masu sha'awa sun riƙa begen sa. Dalili kuwa a fili yake: fim ɗin da ba a yi ba ba ya kunyata kowa, domin yana nan a zuci kamar yadda littafin yake.

4.3 Fim Ɗin David Lynch (1984)

Lynch ya cusa littafin duka cikin minti 137, kuma ba shi ne ke da ta cewa a kan yankan ƙarshe ba. Domin warware matsalar tunanin zuci, sai aka sa 'yan wasa suna raɗa tunaninsu a bayan hoto. Domin warware matsalar kalmomi, sai aka riƙa raba wa 'yan kallo takardar ma'anar kalmomi a wasu gidajen silima. Dabarun biyu sun nuna cewa an ɗauko kayan aikin littafi ne aka aza wa fim ba tare da an sarrafa su ba. An kashe kimanin Dala miliyan 40, abin da aka samu a Amurka kuwa bai wuce kimanin miliyan 31 ba. Daga baya Lynch ya cire sunansa daga doguwar sigar da aka shirya wa talabijin.

Amma babban abin da ya sosa ran masu karatu shi ne ƙarshen fim ɗin, inda Paul ya saukar da ruwan sama a Arrakis. Herbert, wanda ya yaba wa fim ɗin ta wasu fuskoki, ya nuna a wani rubutu nasa na 1985 cewa Paul mutum ne da ya ɗora wa kansa matsayin abin bauta, ba mai ikon saukar da ruwa ba ne. Da wannan fitowa ɗaya gargaɗi ya koma kirari. A shekarar 2000 John Harrison ya shirya labarin kashi uku domin talabijin, ya fi bin littafin, amma ƙarancin kuɗi ya hana shi cika fatar gani da ido.

4.4 Finafinan Denis Villeneuve (2021 da 2024)

Villeneuve, ɗan ƙasar Kanada, ya gindaya sharaɗin raba littafin gida biyu. Wannan ya kawo sabuwar fargaba, domin ba a amince da yin kashi na biyu ba sai bayan na farko ya fito a watan Oktoba na 2021, kuma da bai karɓu ba da labarin ya tsaya a tsakiya. An ɗauki hotunan hamada a ƙasar Jodan da Abu Dhabi. Kashi na farko ya tara fiye da Dala miliyan 400 tare da lambobin Oscar 6, na biyu kuma ya tara fiye da miliyan 700.

Ta fuskar labari an yi sauye-sauye masu yawa. An zubar da walimar da ke cikin littafin, an mayar da Liet-Kynes mace, an taƙaita shekarun da Paul ya yi a hamada zuwa 'yan watanni, ta yadda ƙanwarsa Alia ba a ma haife ta ba har fim ya ƙare. Sauyi mafi girma shi ne na Chani. A littafi mai biyayya ce ga Paul, a fim kuwa ita ce mai ƙaryata busharar, kuma da fushinta aka rufe kashi na biyu. Hujjar Villeneuve ita ce, Herbert ya lura masu karatu sun ɗauki Paul gwarzo, shi ya sa ya fito da gargaɗin ƙarara a Dune Messiah (1969). Tun da kyamara ba ta shiga zuciyar Paul, sai aka ɗauke shakkar da ke cikinta aka ɗora a fuskar Chani. Wato an saɓa wa labari domin a tsare jigo, akasin abin da ya faru a 1984.

5.0 Matsalar Harshe

A nan ne batun ya fi shafar masu nazarin harshe. Herbert ya gina harshen Fremen da kalmomin aro, mafi yawansu daga Larabci, wasu kuma daga littafin Lesley Blanch na 1960 a kan gwagwarmayar Imam Shamil a yankin Kaukasus, inda ya samo sunan harshen Chakobsa. Bahaushen da ya buɗe ƙamusun da ke ƙarshen littafin zai ci karo da kalmomin da ya sani: jihadi, Mahadi, baraka, ilimi, fiƙihu, hajji, Ramadan, shaiɗan, ulama. Laƙabin Lisan al-Gaib ya ƙunshi lisani da gaibu, kuma sunan Muad'Dib yana da kusanci da kalmar Larabci mai nufin mai koyar da ladabi, wadda tushenta ɗaya da adabi. Waɗannan kalmomi ba ado ba ne. Su ne ke shaida wa mai karatu cewa Fremen zuriyar wata al'umma ce mai tarihi, kuma cewa zamani mai zuwa ba na Turawa kaɗai ba ne.

Fim ɗin 1984 ya riƙe kalmar jihadi. A tallan fim ɗin Villeneuve da aka saki a watan Satumba na 2020 kuwa, an maye gurbinta da kalmar Turanci da ke nufin yaƙin 'yan Salibi, a cikin finafinan kuma aka yi amfani da lafazin da ke nufin yaƙi mai tsarki. Masu kare wannan mataki suna ganin cewa bayan harin 11 ga Satumba na 2001 ma'anar kalmar ta ƙuntata a kunnen mutanen Yamma, don haka barinta zai sa a yi wa Fremen mummunar fahimta. Masu suka kuwa suna ganin an ci moriyar sutura da hamada da wasu sunaye, an kuma share tushensu, musamman ganin cewa manyan matsayin Fremen ba 'yan Gabas ta Tsakiya ko Arewacin Afirka aka ba wa ba.

Haka kuma an ɗauko David J. Peterson, mai ƙirƙirar harsunan fim, ya gina wa Chakobsa cikakken nahawu. Matsayinsa shi ne, labarin yana faruwa ne bayan shekaru kimanin dubu 20, kuma ba zai yiwu kalmomin Larabci su kai wannan zamani a yadda za a gane su ba. Ta fuskar ilimin sauyin harshe maganarsa tana da ƙarfi. Amma ta fuskar adabi akwai abin dubawa, domin ai Turancin da sauran taurarin ke magana da shi ma ba zai kai wannan zamani ba, kuma sunaye irin su Paul da Jessica an bar su yadda suke. Herbert ba hasashen sauyin harshe yake yi ba, yana amfani ne da kalmar da ke ɗauke da tarihi domin ta tayar da wani tunani. Ƙirƙirarren harshe yana iya samun nahawu mai kyau, amma ba shi da kakanni.

Akwai wani darasi ga mai fassara. Kalmomin da suka zama baƙi ga Ba'amurke a 1965 'yan gida ne ga Bahaushe. Duk wanda zai fassara littafin ko fim ɗin zuwa Hausa zai tarar cewa tasirin ya juye: Fremen ne za su zama na kusa, masu mulkin mallakarsu su zama baƙi, kuma kalma kamar Mahadi za ta zo da nauyin da ba ta da shi a kunnen Bature. Wannan ya tabbatar da cewa baƙuntar kalma ba a jikinta take ba, tana tsakaninta ne da mai saurare.

6.0 Kammalawa

An ga cewa amanar da masu karatu ke nema a riƙe musu ba abu ɗaya ba ce. Akwai amanar labari, da ta jigo, da ta harshe, kuma da wuya mai shirya fim ya tauna waɗannan taurori a lokaci ɗaya. Lynch ya riƙe kalmomi da yawa amma ya saki jigo. Villeneuve ya riƙe jigo ta hanyar sauya labari, amma ya rage wa harshen kauri. Masu sha'awa sukan ɗaga murya a kan na farko da na biyu, na uku kuwa yakan salwanta ba tare da an lura ba, domin ɗan kallon da bai karanta littafin ba bai san an cire wani abu ba.

A nan ne fargabar take da tushe. Gaskiya ne fim ba ya goge ko harafi ɗaya daga littafi, amma masu kallo sun fi masu karatu yawa nesa ba kusa ba, kuma siffar da fim ya bayar ita ce ke zama a zukatan jama'a, har ta riga sabon mai karatu isa shafin farko. Saboda haka ya kamata manazarcin baddalawa ya wuce lissafin abin da aka yanke da abin da aka ƙara, ya riƙa tambaya: wane aiki abin da aka cire yake yi a littafi, kuma da me fim ya maye gurbinsa? Inda aka sami madadi, kamar yadda fuskar Chani ta ɗauki shakkar Paul, an yi fassara. Inda ba a samu ba, an yi asara.